Ƙugiyar da Ta Rufe Bakin Mai Gadi

Ruƙayyat tana cin koliko, soyayyar doya, a kan teburinta, hannu ɗaya cikin leda, ɗaya a kan linzamin kwamfuta, sai ga kiran Malam Mahaman. Malam ba mai yawan kira ba ne. Tun da ta sa 'yarta Hanane a Islamiyyarsa da ke bayan masallacin unguwa, bai taɓa nemanta a waya ba sai ranar da yarinyar ta yi zazzaɓi. Ta goge yatsunta a gefen zani ta ɗauka.

"Maman Hanane, kin canja mai ɗaukar yarinya ne?"

"A'a, Allah gafarta Malam. Alasan ne kamar kullum. Lafiya?"

"To, wani ne ya zo a kan zem, babur ɗin haya, da jar hular kwano. Ya kira ta da sunanta, ya ce ita ce 'yar gida mai koriyar ƙofa, daura da mai sayar da cukun wagashi. Har ta rataya jakarta. Ni na ce ban san fuskarsa ba. Ya miƙo mini waya wai in duba, na ce ni fuska nake dubawa. Ya ja babur ɗinsa yana ƙunƙuni."

Ba ta tuna yadda ta sauko daga benen ba. Ta dai san ta bar takalmi ɗaya a ƙarƙashin tebur, sai da ta koma ta ɗauko.

Ofishinsu ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon tayil a Zongon Lomé, su uku: ita da Sufyan da Iddi. Sun ƙera wata manhajar waya mai suna Rakiya, wadda ke haɗa iyaye da masu zem amintattu da za su riƙa kai yara makaranta su dawo da su. Ranar da suka fara, Ruƙayyat ta kafa sharaɗi guda: sunan yaro da kwatancen gidansu ba za su je wayar kowa ba sai ta direban da iyayen suka zaɓa da kansu. Maza biyun suka ce sun yarda. Ita kuwa ba ta gina komai a kan "mun yarda", don ta san yadda mutum ke manta alkawari idan aiki ya matse shi. Sai ta rubuta dokar a cikin aikin kansa.

Wani ɗan guntun rubutu ne da ke zaune a gefe shi kaɗai, irin wanda masu sana'ar ke kira aspect. Ba ya cikin kowane sashe na manhajar, amma idonsa na kan dukkansu. Duk lokacin da kwamfuta za ta tattara abin da suka rubuta ta ɗinke shi ya zama manhaja, sai ta bi ta kansa. In wani ya taɓa suna ko gidan ɗalibi daga wajen sashen da aka keɓe don haka, ɗinkin ba zai yiwu ba, sai jan rubutu ya fito: "Kul! Gidan yaro ba ya fita daga nan." Suka sa masa suna Mai Gadi. Saboda shi ne ta iya sa sunan 'yarta a manhajar tana barci da daɗi.

Ta tarar da Hanane zaune a kan tabarma kusa da ƙafar Malam, tana wasa da igiyar jakarta. Ta yi wa Malam godiya har ya ɗaga mata hannu ya ce ya isa. A hanya ta riƙe wuyan hannun yarinyar da ƙarfi fiye da yadda ta yi niyya.

"Mama, kina matse ni."

"Me na gaya miki a kan bin mutanen da ba ki sani ba?"

"Ai shi ya san ni. Ya ce Hanane. Ya san ƙofarmu ma."

Ruƙayyat ta sassauta riƙon. Ta kira Alasan. Tayarsa ce ta fashe a hanyar dawowa daga unguwar Bè, ya ce, kuma ya danna wurin da ake dannawa in mutum ba zai samu zuwa ba. Ya yi ta ba da haƙuri. Ta kashe wayar tana jin wani suna yana tasowa a ranta. Wurin dannawar nan sabo ne, kuma Sufyan ne ya rubuta abin da ke bayansa: in direban yaro ya makale, manhaja ta nemo wani a kusa.

Sufyan. Shi ne kullum yake ƙorafi a kan Mai Gadi, yana cewa ta ɗaure musu hannu kamar 'yan firamare. Shi ne mai abokai a Kodjoviakopé masu tura tallace-tallace ta waya, waɗanda suka taɓa tambayarsa a gabanta ko Rakiya tana da lambobin iyaye da yawa. A lokacin dariya aka yi. Yanzu tana hawa benen da Hanane a gaba, ta kasa tuna ko Sufyan ya yi dariyar tare da su.

Ta same shi ya miƙe ƙafa a kan kujera, abin sauraro a kunne. Iddi ya tafi sallah bai dawo ba. Ta zaunar da Hanane a kusurwa ta ba ta sauran kolikon, sannan ta zare abin sauraron daga kunnen Sufyan.

"Eh, doucement, Maman Hanane! Wa ya mutu?"

"Me saƙonka yake ɗauke da shi? Wanda ke zuwa wa direbobi in wani ya fasa."

"Sunan yaro, makaranta, inda za a sauke shi. Ta yaya mutum zai kai yaro gida bai san gidan ba?"

"Direba nawa yake zuwa wa?"

Ya ɗan sauke ƙafarsa. "Waɗanda ke kusa. Wanda ya riga karɓa shi ne…"

"Duk wanda ke kusa. Har wanda ba mu taɓa ganin fuskarsa ba." Ta gaya masa abin da ya faru a ƙofar Malam. Ya kalli Hanane, ya kalli ƙasa, ya shafa ƙeya.

"Wallahi ban yi tunanin… amma tsaya. Ça a compilé. Ya wuce lafiya lau, Mai Gadinki bai ce uffan ba. Tunda ya wuce, ai na ɗauka halal ne."

"Ko kuma ka toshe masa baki."

"Ni? C'est pas moi, hein! Duba mana. Ai komai a rubuce yake."

Ta duba. Ta buɗe tarihin canje-canjen da kowa ya yi, ta nemo Mai Gadi. Hannu na ƙarshe da ya taɓa shi nata ne, tun kafin azumi. Ta leƙa saitin ɗinki ko an cire shi daga hanya. Yana nan daram. Ta ce a ranta, to a kwamfutarsa yake ɗinkawa ya ɗora, ya kewaye ta kowa. Ta jawo aikin gaba ɗaya zuwa tata kwamfutar ta ɗinka da hannunta. Kore shar, ba ko gargaɗi. Sufyan yana tsaye a bayanta, ta ji numfashinsa ya sauka, kuma saukar numfashin nan ma ba ta yi mata ba. Mai gaskiya yana yin haka, wanda dabararsa ta ci ma yana yi.

"Matsa baya, kana tsaya mini a wuya."

Ta gwada wani abu. Akwai doka ta biyu a jikin Mai Gadi, wadda ke tsare lambar wayar iyaye. Ta rubuta layi ɗaya da gangan wanda ke fitar da lambar zuwa inda bai kamata ba, ta ɗinka. Nan take ja ya cika allo. Ke nan yana raye, yana gani. Ta goge wannan, ta kwafi layin Sufyan mai fitar da gidan ɗalibi, ta manna shi a wani wuri dabam da ba shi da alaƙa da direbobi sam. Kore. Iyaye yana tsare su, yara kuwa ya sake su kamar bai taɓa jin labarinsu ba.

Fankar rufi tana juyi tana ƙara. A ƙasa, mai tayil yana ciniki da wata mata da harshen Mina, muryarsu tana hawowa ta taga. Ruƙayyat ta share layin da ta manna, ta ce bari ta rubuta shi da yatsunta harafi bayan harafi, ko akwai abin da idonta ke tsallakewa. Ta buga D, a, l, i, b, i. Kwamfuta ta ja jan layi a ƙarƙashin kalmar: babu wani abu mai wannan suna.

Ta tsaya. Ita ce ta raɗa wa abin nan suna da hannunta, ranar farko. Ta ƙara girman rubutun allo, ta ɗora nata layin a saman na Sufyan. A nata, Dalibi. A nasa, a saman harafin farko daga hagu, akwai wata 'yar lanƙwasa kamar ƙugiyar rataye riga. Ɗalibi.

Daidai nan Iddi ya shigo da sallama, carbi a wuyan hannu. Ɗan limami ne, a Sakkwato ya yi karatu, kuma shi kaɗai ne a cikinsu yake rubuta Hausa da ƙa'idarta. Ita da Sufyan makarantar Faransanci suka yi. Hausarsu ta baki ce, in sun zo rubutawa da harafin da ke kan madannai suke yi, madannan kuwa na Faransa ne, ba su san ɗ da ƙ ba.

"Iddi, zo nan. Wa ya sa wannan?"

Ya sunkuya, fuskarsa ta washe. "Sai yau kika gani? Ni ne. Satin da kika je bikin suna a Baguida. Na bi duka na gyara: Ɗalibi, Ƙofa, Ɓangare. Haba, Yaya Ruƙayya, har yaushe za mu riƙa rubuta harshenmu kamar baƙi? Kuma ban ɓata komai ba, kwamfuta na sa ta canja sunan a ko'ina aka ambace shi."

"A ko'ina?"

"Ko'ina."

Ta buɗe Mai Gadi ta nuna masa da farce. Dokar ba ta ambaci wani abu guda ba, cewa ta yi: duk abin da sunansa ya fara da Dalibi, sai alamar tauraro a bayansa, don ya haɗa har da waɗanda za a ƙirƙira nan gaba. Kwamfuta ba ta ɗauki wannan a matsayin ambaton suna ba, sai ta bar shi yadda yake. Tun daga ranar Mai Gadi yake tsaye yana jiran wani Dalibi, alhali babu sauran mai wannan suna a gidan. Duk yaran sun koma Ɗalibi, suna wucewa ta gabansa.

Iddi ya zauna a bakin tebur a hankali. Sufyan ya tafa hannu sau ɗaya. "Voilà! Kin gani? Ustaz ne da ƙugiyoyinsa. A ba ni haƙuri yanzu."

Ba ta ba shi ba. Ta koma tarihin tana kallon ranakun. Gyaran Iddi ya shiga tana Baguida. Saƙon Sufyan ya biyo baya kafin satin ya fita. Ɗaya ya buɗe ƙofa, ɗaya ya fita da kaya, kuma duka a lokacin da ba ta nan. Ta ɗago ta kalle su, wannan sannan wancan. Sun yi shekaru tare, Iddi ne ma ya yi wa Hanane huɗuba a kunne ranar da aka haife ta, mijinta yana kan jirgin ruwa. Duk da haka ta yi tambayar.

"Kun shirya ne?"

"Subhanallahi," in ji Iddi, muryarsa ta sauka. "Yaya, ni da Hanane?"

"Tu es sérieuse? Da gaske kike?" Sufyan ya ce. "Ni da ustaz ko a kan inda za mu ci abinci ba ma shiryawa."

"To amsa mini wannan. Kai da Mai Gadi ya sha kama ka, da ka rubuta gidan yaro cikin saƙon kowa da kowa ka ga ya wuce, ba ka yi mamaki ba?"

Sufyan ya ɗauki abin sauraronsa ya ajiye. "Na ɗan yi. Na ce ƙila kin sassauta ne."

"Ka tambaye ni?"

Hanane daga kusurwa ta ce kolikon ya ƙare.

Ruƙayyat ba ta ce ta yarda da su ba, ba ta kuma ce ba ta yarda ba. Akwai aiki, kuma rana tana yin ƙasa. Ta sa Sufyan ya kashe neman direban madadin a take, tana tsaye a kansa har ya gama. Ta sa Iddi ya nemo duk yaran da sunansu ya fita tun da aka kunna abin. Ba Hanane kaɗai ba ce; akwai 'yan biyun Hajiya Saudatu mai atamfa, akwai wasu. Ta ce za a kira iyayensu yau ɗin nan.

"Attends," in ji Sufyan. "Makarantar Bè za su shigo manhajar ranar Litinin. In maganar nan ta zaga Zongo, ai kin san matan unguwar nan, kafin isha'i ta kai Bè. Mun toshe ramin, me ya rage?"

"Ya rage akwai mutanen da ke yawo da kwatancen gidan 'ya'yan mutane a aljihu, iyayen ba su sani ba. Kai za ka kira Hajiya Saudatu ko ni?"

Shi ya kira. Har daga inda take tana jin muryar Hajiya tana fita daga wayar.

Ita kuma ta zauna ta sake Mai Gadi. Wannan karon ba ta dogara da suna ba. Ta ƙirƙiri wata alama da ake liƙa wa duk bayanin da ya shafi yaro, dokar ta koma bin alamar, ko da me aka kira abin, da ƙugiya ko babu, da Hausa ko Faransanci ko Mina. Sannan ta ƙara abin da ta ga ya kamata ta yi tun farko: ta rubuta wani ɓarawo na gangan, ɗan layi da ke ƙoƙarin fitar da gidan yaro, ta ajiye shi a gefe. Kowane ɗinki sai an fara gwada shi. In Mai Gadi ya kama shi, a ci gaba. In ya wuce shiru, komai ya tsaya.

Ta danna. Ja ya zubo. Saƙon Sufyan ne a sama, amma ba shi kaɗai ba. Akwai wani wuri a aikin Iddi inda yake ajiye sunayen yara a bayanan da kowa a ofis ke iya karantawa. Ta juya ta kalle shi. Ya ɗaga hannu biyu.

"Don gwaji ne, na manta ban cire ba."

"Cire."

Hanane ta zo ta jingina da cinyarta tana haɗa baƙin da ke allo. "Ku… kul. Mama, wa ake yi wa kul?"

"Kawunnanki."

Saura mai jar hula. Bayanansa suka nuna Ismaël, ya yi rajista kwanan nan, ba a kai ga kiransa ofis a gan shi ba. Hoton da ya ɗora da hular a kansa ya ɗauka, gilashin a sauke rabi. Sufyan ya ce ƙila bawan Allah ne kawai mai neman fasinja, ya ga saƙo ya riga kowa. Ruƙayyat ta ce ƙila. Ta kira lambar, a kashe. Bayan magariba ta sake kira, a kashe. Suka cire shi daga manhajar, amma ta san cirewar ba ta goge koriyar ƙofa daga kansa.

Iddi ya biyo ta har matakala. "Yaya, in mayar da sunayen yadda suke?"

"Bar su. Daidai ka rubuta. Amma in za ka sake gyara ko wasali ne, ka faɗa."

A gida, tana yi wa Hanane tsifa, ta gaya mata sabuwar doka. Sanin sunanta ba komai ba ne, sanin gidansu ma haka. Akwai wata kalma da za su riƙe su huɗu: ita, da Hanane, da Malam, da Alasan. Duk wanda ya zo ɗaukarta sai ya faɗe ta, in bai faɗa ba ta koma ta zauna kusa da Malam, ko waye shi. Hanane ta ce a sa ƙuli-ƙuli. Ruƙayyat ta tuna yadda Alasan, ɗan ƙabilar Kotokoli, yake fama da ƙ, ta ce a'a, a nemo wadda ba ta da ƙugiya. Suka nemo. Ba ta rubuta ta a waya ba, ba ta kuma kai ta ofis ba.

Washegari da la'asar ta bar aiki ba ta ce wa kowa ga inda za ta ba. Ta tsaya a tsallaken titi, bayan rumfar mai gyaran rediyo, inda take hango ƙofar Islamiyya. Babura suna ta wucewa. Jar hula ta wuce, ta bi ta da ido har kwana. Wata jar ta sake wucewa, mai ɗauke da buhun gawayi. Ba ta taɓa lura Lomé tana da jajayen huluna haka ba.

Alasan ya iso da sabuwar taya. Yara suka fito a guje. Hanane ta zo har gaban babur ɗin da ya fi shekara yana ɗaukarta, ta tsaya, ta harɗe hannu a ƙirji. Ruƙayyat ta ga Alasan yana dariya yana nuna kansa, yana buga kujerar baya. Yarinyar ba ta motsa ba. Malam Mahaman yana bakin ƙofa, hannu a baya, bai sa baki ba. Alasan ya ɗaga kai sama yana tunani, ya sosa gemu, sannan ya sunkuya ya raɗa mata wani abu a kunne. Sai ta miƙa masa jakarta ta hau.

Ruƙayyat ta bari suka ɗan yi nisa. Ta tsayar da wani zem, ta leƙa fuskarsa ta ƙarƙashin hular tukuna, sannan ta hau ta nuna masa bayan Alasan.

"Bi wancan. Kar ka matsa kusa, kar kuma ya ɓace maka."